Filastar da Almakashin Tela Ya Yanka

Gwaggo mai filin shawara, don girman Allah ki taimake ni, kuma ki taimake ni da wuri. A kan teburin kicin nake rubuta miki wannan, 'yata tana goye a bayana, jim kaɗan sai in kai hannu in taɓa ƙafarta in ji ko zazzaɓi ya fara. In maganar ta zo miki a hargitse ki yi mini afuwa, kaina ne a hargitse.

Ni malamar firamare ce, maigidana kuma tela ne, shagonsa yana ƙarshen layinmu. 'Ya'yanmu biyu. Babban namiji ne, shekararsa biyar, muna ce masa Injiniya, saboda in ya sami abin da ke juyawa, fanka ce ko tayar keken ɗinkin babansa, to an gama da shi, sai dai a ɗauke shi cak. Ƙaramar mace ce, ta shiga wata na goma. Kumatu muke ce mata, kuma in kin gan ta ba sai kin tambayi dalili ba.

Injiniya yana da otizim. Wasu galahanga suke cewa, ni dai kalmar ba ta yi mini daɗi a baki, ba na kiran ɗana da ita. Har ya kai shekara ɗaya da 'yan watanni yana cewa Baba, yana cewa ruwa, yana ɗaga wa mutane hannu in za su fita. Daga nan sai kalmomin suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya. A kira shi ba ya waigowa, a dube shi ya kawar da ido. Muka kai aka duba kunne, aka ce kunne lafiya lau, sai daga baya wata likita ta ba abin suna. Shirun nan ya zo ne ba da jimawa ba bayan wata allurar rigakafi, kuma ranar babansa ne ya kai shi, shi ya danne masa ƙafafu a cinyarsa yaron yana ihu. Ki riƙe wannan, Gwaggo, domin ni ban riƙe ba.

Maigidana ba mai yawan magana ba ne. Ya fi ganewa da zare da allura, in ya shiga damuwa sai ya ƙara awannin aiki. Sau ɗaya tak ya nuna mini wani bidiyo a waya, wani mutum cikin farar riga yana cewa alluran nan sun yi wa jarirai yawa, su ke juya musu ƙwaƙwalwa. Lokacin ina da tsohon cikin Kumatu, ga takardun jarrabawa tuli a gabana ina dubawa. Na yi dariya, na ce masa in likitan waya zai bi, to ni ma gobe zan koyi ɗinki a waya in buɗe shago kusa da nasa. Ya mayar da wayarsa aljihu, bai sake tada maganar ba, ni kuwa na ɗauka an wuce wurin.

Da aka haifi Kumatu, a gabana aka yi mata allurar farko kafin a sallame mu. Da lokacin ta biyu ya zo sai ya ce in huta, shi zai kai ta. Da na koma aiki kuma dama ba ni da safiya, shi ko shagonsa ne, babu mai tambayarsa ina ya je. Haka ya zama duk ranar allura sai ya shirya ta da kansa, ya ɗauki jakarta da kwalbar madara da katinta, wanda ya ce a wurinsa zai zauna don kada Injiniya ya yaga. Da rana ya dawo da ita da 'yar filasta a cinya, ya ce an ce kada a cire sai ta kwana biyu. Har labari yake ba ni, wai layi ya yi tsawo, wai ma'aikaciyar yau ba ta da fara'a. Har maganin zazzaɓin yara yake sayowa. Ni kuma in je ɗakin malamai ina cika baki, ina cewa 'yata ko zafin jiki ba ta yi bayan allura, jinin gidanmu ne mai ƙarfi. Abokan aikina har cewa suke in ba su sirrin samun miji irin nawa. Ni fa, da nake hango yaro mai satar amsa tun daga ƙofar aji!

A tsakiyar makon nan ya kai ta allurar ƙyanda, in ji shi. Washegari da yamma sai maƙwabciyarmu ta saman bene, wadda nake bar wa Kumatu in na tafi makaranta, ta sauko ido ya raina fata. Ɗanta da ya kwana biyu yana tari da jan ido ya feso da ƙuraje, an kai shi asibiti an ce ƙyanda ce. Kuma a tabarma ɗaya suke wuni da 'yata. Na lallashe ta, na ce kada ta damu da tawa, ai an yi mata. Da maigidana ya dawo na ba shi labari, har da cewa Allah Ya saka masa da alheri da ya kai ta a kan kari. Yana riƙe da kofin shayi, sai na ga ya ajiye bai kurɓa ba, ya ce cikinsa ne ba daɗi. Na je na nemo masa maganin ciki.

Masu iya magana sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ni kuwa ranar wankan ce a zahiri. Injiniya yana da wata al'ada, yana kwaso ƙyallayen da ke zubowa a shagon babansa, ya jera su a ƙasan falo. Waɗanda aka yanka da almakashi na yau da kullum layinsu daban. Waɗanda aka yanka da ɗaya almakashin, mai haƙora kamar zarto, wanda tela ke bi da bakin yadi don kada ya warware, su ma layinsu daban. Ba ya taɓa kuskure, kuma wanda ya taɓa masa layi ya nemi rigima. Da safiyar Asabar na tuɓe Kumatu na kwantar da ita a kan tawul, na juya ɗauko sabulu. Sai Injiniya ya zo, shi da ba ya ko kallon inda take, ya sa yatsa a hankali ya ɓare filastar cinyarta ya tafi da ita. Na bi shi zan karɓe, sai na tarar ya ajiye ta a layin masu haƙora. Na durƙusa na duba. Bakin filastar da bakin ƙyallen da ke kusa da ita iri ɗaya ne sak.

Gwaggo, wane asibiti ne ke yanka filasta da almakashin tela? Na koma na ɗaga cinyar yarinyar nan a hasken taga, na duba sama na duba ƙasa. Babu ɗigon allura, babu kumburi, babu ja, fata sumul kamar yadda na haife ta. Na zauna daɓas a kan tawul ɗin.

Na goya ta, na ja hannun Injiniya, muka nufi shagon ko mayafin kirki ban tsaya ɗauka ba. Yana kan keke na wuce shi na ja aljihun teburin yankansa. Ga naɗin filasta ya kusa ƙarewa, ga auduga a leda, ga almakashin a kansu. Na zaci zai musa, wallahi da ya musa da na fi samun abin yi da bakina. Bai musa ba. Ya tashi ya sakaya ƙofa, ya gaya mini cewa banda ta ranar haihuwa ko allura ɗaya ba a yi wa Kumatu ba. Shago yake kawo ta, ya shimfiɗa mata bargo a ƙarƙashin teburin yanka, ya ba ta madararta, in rana ta yi ya manna mata filasta su dawo. Ya ce da hannunsa ya danne ɗansa aka ɗauke masa murya, kuma gara a datse masa hannun da ya sake danne wani. Ya ce tun da ya ji maganar ƙyandar nan abinci ba ya wuce masa wuya, yana tsoron nan yana tsoron can, in ba shi lokaci ya yi tunani. Yana faɗa yana kuka, mutumin da ko a rasuwar mahaifinsa ban ga hawayensa ba.

Har yanzu ban dawo daidai ba. Ina kallonsa yana ɗaura wa Injiniya igiyar takalmi, sai in ji kamar baƙo aka ajiye mini a gida. Abin da ya fi tsaya mini a rai, na gaya masa ƙyanda ta shigo gidan, ya san 'yarsa a buɗe take, amma ya bar ni na tafi nemo masa maganin ciki. Yayata ta ce in kwashe yarana in taho wurinta, wai wanda ya iya wannan ƙaryar babu wadda ba zai iya ba. Wata zuciyar tana ce mini in saci jiki in kai ta a yi mata, in yi masa irin abin da ya yi mini. Sannan ga abin da nake jin kunyar faɗa: tun da na ga kukansa, ni ma shakka ta shige ni. In fa gaskiyarsa ce? In na kai ta da ƙafata ta dawo ta daina yi mini gwaranci, da wane ido zan dube shi? In kuma na bar ta ƙyanda ta kama ta, da wane ido zan dubi kaina? Ki gaya mini abin yi, Gwaggo, na rasa tudun dafawa.

Taki cikin ruɗani,
Matar Tela

*

'Yata Matar Tela,

Ranar da wasiƙarki ta iso na aika miki gajeren saƙo, kuma zan maimaita shi a nan saboda masu karatu: a kai Kumatu asibiti yau, kada a jira an gama shawara da kowa. Tun daga bakin ƙofa ki gaya musu ta wuni da mai ƙyanda kuma ba a yi mata rigakafi ba, don kada su zaunar da ita cikin jarirai. In an yi sauri akwai abin da za su iya yi mata, in ma lokacin ya wuce za su gaya miki alamomin da za ki sa wa ido. Ƙyanda ba ƙuraje ba ce kawai, tana taɓa huhu da ido da ƙwaƙwalwa, tana kuma kisa. Sauran alluran da suka wuce ta ba su ɓace ba, ma'aikatan za su tsara yadda za a cike mata gurbin. Lokacin tunanin da mijinki ya roƙa yana iya samunsa a kan komai, amma ban da wannan.

Sai tambayar da kika ji kunyar yi, alhali ita ce ta fi cancanta. Ni ba likita ba ce, don haka na zauna da wata likitar yara kafin in ba ki amsa. An bi diddigin yara sama da miliyan a ƙasashe daban-daban, waɗanda aka yi wa alluran da waɗanda ba a yi wa ba, ba a ga otizim ya fi yawa a ɓangaren masu allura ba. Har ƙannen yara masu otizim irin Kumatu an duba, allurar ba ta ƙara musu komai ba. Rahoton da ya fara tada wannan ƙurar an gano akwai coge a cikinsa, waɗanda suka buga shi suka janye. Abin da aka sani shi ne gado yana da babban hannu, kuma lamarin yana farawa tun yaro yana ciki. Alamunsa ne ke fitowa fili a shekara ta biyu, har wasu yaran su zubar da kalmomin da suka koya, kuma wannan ne daidai lokacin da ake yin wasu alluran. Zakara yana cara gari ya waye, amma ko an yanka shi garin zai waye.

Maganar cewa alluran sun yi yawa kuwa, yarinyar da ta yi wuni a ƙarƙashin teburin tela tana tura duk abin da ta tsinta a baki, jikinta ya gamu da ƙwayoyin cutar da suka ninka abin da ke cikin sirinji. Ba zan ce miki allura ba ta da wahala ba. Akan yi zazzaɓi, akan yi kumburi da rigima na kwana ɗaya ko biyu, kuma can ba a rasa ba jikin wani yaron ya ƙi ta, shi ya sa ake cewa a ɗan zauna kafin a tafi gida. Ki gaya wa mijinki wannan tun kafin a je, kada ya ga zafin jiki ya ce ga shi nan an fara.

Akwai wata gaskiya mai ɗaci da gara ku ji ta yanzu. Ƙannen masu otizim sun fi sauran yara yiwuwar samunsa, ko an yi musu allura ko ba a yi ba, duk da yawancinsu ba sa samu. Kenan ba wanda zai yi muku alkawari a kan Kumatu, kuma ɓoye ta a shago bai sayo mata wannan alkawarin ba, ƙyanda kawai ya buɗe wa ƙofa. An gudu ba a tsira ba. In wata rana kun ga wata alama a tare da ita, ku kai ta a duba da wuri, kada kowa ya nemi wanda zai ɗora wa laifi. Maganar gadon nan ma ba ta zama sandar dukan dangin kowa ba, ba naki ba, ba nasa ba.

Yanzu ga mijinki. Abin da ya yi babban laifi ne, ba zan shafa masa mai ba. Ya yanke hukunci a kan lafiyar 'yarku shi kaɗai, ya yi wata da watanni yana tsara miki ƙarya har da ƙawata ta da tsawon layi, kuma ranar da ƙyanda ta shigo ya yi shiru. Fushinki yana kan hanya, kuma sai ya ba ki haƙuri da bakinsa, ba da sunkuyar da kai ba. Amma ban ga mugu a wasiƙarki ba. Na ga uban da ya kwashe shekaru yana ganin shi ya cuci ɗansa, kuma wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Sau ɗaya ya buɗe baki, da wannan bidiyon, ya sami dariya. Ban ce ke kika sa shi ƙarya ba, ƙaryarsa tasa ce. Na ce dai mutum mai shiru in ya ƙwanƙwasa ƙofa sau ɗaya ba a buɗe ba, ba kasafai yake komawa ba.

Don haka kada ki saci jiki. In kika yi masa irin tasa, gidanku ya zama na mutum biyu masu ɓoye wa juna, ranar da ya gane kuma zai ce dama ya sani. Ki dube shi ki gaya masa za ki kai ta, kina so ya raka ki, amma ko bai tashi ba ke kin tafi. Ki kai shi gaban likitar da ta ga Injiniya, ya yi duk tambayoyinsa har da na bidiyon, ke kuma ki kama bakinki ko da tambayar ta ba ki dariya. Daga yau katin yarinyar a gida zai zauna, kuma ranar allura ko dai ku je tare ko ki nemi izini a makaranta. Amana ba ta dawowa da rantsuwa, sai an gani a aikace. Shawarar Yayarki ta ƙauna ce, amma ki ajiye ta tukuna. In ya tare miki hanya ko ya sake ɓoye wani abu da ya shafi lafiyar yaran, a lokacin sai manya su shigo.

Kada kuma a manta da Injiniya a cikin wannan hayaniyar. Babansa yana kallonsa a matsayin yaron da aka lalata, shi ya sa yake ganin ƙyanda ta fi sauƙi. Ki tuna masa cewa duk gidan, har da malama mai kama satar amsa, wannan yaron ne kaɗai ya ga abin da ke cinyar ƙanwarsa, kuma da idon tela ya gani. Ku nema masa masu koyar da magana da mu'amala, ku bar shi ya riƙa zama a shago kusa da babansa. Yaron yana nan, ba inda ya tafi, hanyar isa gare shi ce daban.

Ranar da za ku je allurar, ke za ki riƙe Kumatu a cinyarki, kada a sa mijinki ya danne ta, wannan nauyin ya ɗauka ya isa. Amma ki ce masa ya taho da almakashinsa mai haƙora da ragowar filastar nan. In ma'aikaciya ta zare allura ta ɗora auduga, ki roƙe ta ta bar shi ya yanka ya manna da hannunsa. Ya daɗe yana rufe wurin da babu komai, yau ya rufe na gaskiya. In ta kwana biyu kuma ku bar Injiniya ya ɓare ta, ya san layin da zai sa ta.

Allah Ya tsare Kumatu, Ya ba ɗan maƙwabciyarki lafiya, Ya buɗe wa Injiniya hanyoyin alheri, ku kuma Ya sanyaya muku zuciya.

Taki,
Gwaggo